Yawan Hamma: Daga Ina Take Zuwa, Kuma Yaya Za Mu Yi da Ita?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da ya sanya dare ya zama sutura, barci ya zama hutu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ƴan uwa ɗalibai, da iyayenmu da malamanmu da wannan ɗan littafi zai shiga hannunsu, darasin da muka ɗauka bana a kan hamma ne, wadda Larabawa ke kira attasa'ubu. Wani zai ce ita hamma har ta kai a yi mata darasi? E, ta kai. Duk wanda ya zauna ajin safe ko zaman hadda na bayan azahar ya san yadda take bin sahu tana kama mutane ɗaya bayan ɗaya. Kuma duk mun san irin sunan da ake laƙaba wa wanda tasa ta yi yawa: wani a ce masa malalaci, wani a ce ya raina darasi, wani kuma a fara raɗe-raɗin cewa iska ta shafe shi ko an yi masa baki. Suna irin wannan in ya manne wa yaro da wuya ya fita, har ya kai shi ga tsanar karatun gaba ɗaya. Alhali ruwa ba ya tsami banza. Hamma saƙo ce da jiki yake aikowa, rufe baki kuwa ladabi ne da aka hore mu da shi, amma ladabin bai ɗauke mana nauyin karanta saƙon ba.

Abin da muka karanta a wajen malamanmu

Hadisan babin sanannu ne. Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, abin da ma'anarsa ke nuna cewa atishawa abin so ce a wurin Allah, hamma kuwa abin ƙi ce, an jingina ta ga Shaiɗan, kuma an umurci wanda ta zo masa ya danne ta gwargwadon ikonsa, kada ya saki murya da ita, don Shaiɗan yana yi wa mai yin haka dariya. Muslim kuma ya kawo daga Abu Sa'idil Khudri umurnin ɗora hannu a baki. Hadisin bai ambaci wane hannu ba. Malamai da yawa sun fi son hagu, saboda ita aka saba kawar da abin ƙi da ita, amma wanda ya sa dama bai saɓa wa nassi ba.

Wurin da ake samun kuskuren fahimta shi ne ma'anar jingina ta ga Shaiɗan. Masu sharhi irin su Imamu Nawawi da Ibnu Hajar sun bayyana cewa an jingina masa ita ne saboda galibi tana tasowa daga cikar ciki da nauyin jiki da kasala, su kuwa waɗannan ƙofofi ne da yake so, don suna hana mutum kuzarin ibada. Atishawa kuma tana tare da sauƙin jiki da wartsakewa. To kun ga malaman tun a wancan zamani sababi suka nuna mana. Sun ce a duba abin da ya kawo hammar, a gyara shi. Ba su ce duk mai hamma shaiɗani ya shiga jikinsa ba, ba su kuma ce zunubi ce ba, tunda ba da zaɓin mutum take zuwa ba.

A fiƙihunmu ma haka abin yake. Wanda ya karanta Ahalari zai tuna cewa a babin rafkanwa an ce wanda ya yi hamma cikin salla babu komai a kansa, ba ƙabli ba ba'adi. Abin da ake kiyayewa shi ne fitar da haruffa da gangan. Mai karatun Alƙur'ani kuwa, Nawawi ya kawo a cikin Attibyan cewa ya dakata har hammar ta wuce sannan ya ci gaba, don kada haruffan su fito a karkace. Wannan ya shafe mu ƙwarai, mu da muke tilawa da sauri don mu cika shafi kafin malam ya zo kanmu.

Sai wani ɗan abu da muke so mu ambata a taƙaice. Da yawanmu mun taso muna cewa a'uzu billahi duk lokacin da muka yi hamma. Neman tsari alheri ne a kowane lokaci, amma malamai da dama sun yi nuni cewa hadisan hamma ba su zo da wani zikiri na musamman ba. Dannewa da rufe baki da kame murya su aka ambata.

Akwai kuma hadisai biyu da ba a cika haɗa su da wannan babi ba, amma mu a ganinmu nan ne gidansu. Na farko na Nana A'isha ne, a Buhari da Muslim, mai nuna cewa wanda gyangyaɗi ya kama yana salla ya je ya kwanta har barcin ya sake shi, don kada ya nufi neman gafara ya ɓuge da yi wa kansa mugunyar addu'a bai sani ba. Na biyu na Ibnu Umar ne, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa wanda gyangyaɗi ya kama a masallaci ya tashi ya sauya wurin zama. Ku duba da kyau: ɗaya ya ce a yi barci, ɗaya ya ce a motsa. Za mu ga likitocin yau ma nan suka tsaya.

Me ke faruwa a jiki?

Hamma ɗaya takan ɗauki kamar daƙiƙa 6. Baki ya buɗe iyakar buɗewa, a ja dogon numfashi, a ɗan tsaya, sannan a sake shi. Naman fuska yakan matse wurin da hawaye ke fitowa, shi ya sa ido ke kawo ruwa. Ƴar hanyar da ta haɗa kunne da maƙogwaro takan buɗe, shi ya sa wanda kunnensa ya toshe yakan ji ya buɗe bayan hamma. Sau da yawa miƙa takan biyo ta. Ba ɗan Adam kaɗai ke yi ba: kyanwa da kare da doki da biri duk suna yi, har tsuntsaye da kifaye. Likitoci masu duba ciki da na'ura sun ga jariri yana hamma tun yana cikin mahaifiyarsa, tun bai san darasi ba balle ya gaji da shi.

An daɗe ana cewa hamma tana zuwa ne idan iska mai kyau ta yi ƙaranci a jini, jiki ya buɗe baki don ya ƙaro. Har yanzu haka mutane da yawa ke faɗa. Amma a shekarar 1987 wani masani ɗan Amurka, Robert Provine, da abokan aikinsa sun gwada wannan magana. Suka ba wasu ɗalibai tsantsar iskar oksijin su shaƙa, suka kuma ba su iskar da aka ƙara wa irin wadda muke fitarwa daga huhu. Numfashinsu ya sauya, amma yawan hammarsu bai sauya ba. Wannan magana dai ta faɗi.

Bayan shekara 20, a 2007, wani masanin mai suna Andrew Gallup ya kawo wani bayani: cewa hamma hanya ce ta sanyaya ƙwaƙwalwa idan ta ɗan yi zafi. A gwajinsa an nuna wa mutane hotunan masu hamma. Waɗanda aka ce su yi numfashi ta hanci, da waɗanda suka dafa abu mai sanyi a goshi, ba su kamu da hammar kamar sauran ba. Ba dukkan masana suka yarda da wannan bayani ba, har yau ana muhawara a kansa. Sai dai mu da muke zama ƙarƙashin kwano a watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, kuran ya ɗauke, ba mu ga abin mamaki a ciki ba. Abin da kusan kowa ya yarda da shi shi ne hamma ta fi zuwa a kan iyaka, lokacin da jiki ke sauyawa daga wani hali zuwa wani: gab da barci, bayan tashi, ko lokacin da ido biyu ne amma hankali ya fara nutsewa. Har ma takan zo wa mai fargaba, kamar ɗalibin da ke jiran a kira shi musabaƙa. Shi wannan ba barci yake ji ba sam.

Tana kuma yaɗuwa. Ganin mai hamma, ko jin sautinta, ko karanta labarinta kawai, yana iya tayar da ita. Muna kyautata zaton wasunku sun riga sun yi ɗaya ko biyu tun da suka fara wannan shafi, kuma ba mu ji haushi ba. Ƙananan yara ba su cika kamuwa da hammar wani ba sai sun kai wajen shekara 4 ko 5. Saboda haka idan aji ya ɗauki hamma, mai yiwuwa mutum ɗaya ne ya kunna ta, sauran bin sahu suka yi. A nan ma akwai hikimar rufe baki da kame murya.

To yaushe za a ce ta yi yawa? Wasu likitoci suna auna ta da haka: fiye da sau 3 cikin minti 15, ana ta maimaitawa, ba tare da wani dalili na fili ba. Amma ma'aunin da ya fi mana sauƙi shi ne mutum ya kwatanta kansa da kansa. In da ba haka kake ba, yanzu kuma kullum ne, har tana shiga tsakaninka da karatu ko salla ko aiki, to lokacin bincike ya yi.

Bashin barci

A nan za mu daɗe, don mafi yawanmu nan matsalarmu take. Masana barci sun ce mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10 a kwana ɗaya, babba kuma awa 7 ko fiye. To mu ɗauki alƙalami mu yi lissafi, kowa da kansa. Ɗalibi ya dawo daga karatun dare, ya ci tuwo, ya leƙa fada wajen abokai. Aka ɗora shayi, aka sha na farko mai ɗaci, aka jira na biyu, ai kuwa ba a tashi a bar na uku. Ya shigo gida ƙarfe 11 da rabi, ya kwanta da salula a hannu, bai rufe ido ba sai 12. Wajen ƙarfe 5 aka tashe shi asuba. Awa 5 ke nan. In bukatarsa 8 ce, an biyo shi 3. A kwana shida bashin ya zama awa 18, wato fiye da barcin dare biyu cur. Wannan ɗalibin in ya zauna gaban allo yana hamma, me ya kawo maganar aljani?

Su kuma ƴan uwanmu mata galibi ba fada ke cinye musu dare ba. Wanke-wanke ne, da jiran a gama cin abinci, da renon ƙanne, da asuba kuma ga shara ga ɗiban ruwa ga dama koko, wata ma sai ta kai talla kafin ta zo madarasa. Akwai kuma masu haɗa lakwal da safe, madarasa da yamma, hadda da dare. Muna roƙon iyayenmu, cikin ladabi, su ma su yi wannan lissafin a madadin ƴaƴansu kafin su yi faɗa. Wani lokaci sauke wa yarinya aiki ɗaya na dare ya fi mata amfani a kan bulala goma.

Shi barci ba a cin bashinsa a hana shi. Zai karɓa ko ta hamma, ko ta gyangyaɗi, ko ta mantuwa. Wannan na ƙarshen shi ya fi ba mu tsoro mu masu hadda, don bincike ya tabbatar cewa a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daddale abin da aka koya da rana. Wanda ya hana idonsa barci don ya ƙara shafi ɗaya, yana iya wayar gari da shafin a hannu amma ya zube kafin Alhamis. Ba muna cewa a bar ƙoƙari ba ne. Malamanmu sun sha wuya kafin su kai inda suka kai. Amma su ba su da waya a ƙarƙashin matashi, kuma mafi yawansu da an yi lisha ba da jimawa ba suke kwanciya. Hadisin Abu Barza da ke nuna an ƙi barci kafin lisha da hira bayanta, da mun riƙe shi yadda muke riƙe na rufe baki, da rabin wannan darasi bai zama dole ba.

Game da shayi da kofi da goro, ga abin da ya kamata a sani. Sinadarin da ke cikinsu mai kore barci, wato kafeyin, yakan ɗauki kamar awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki. Wanda ya sha shayi mai kauri ƙarfe 10 na dare, ƙarfe 3 na dare rabin ƙarfinsa na nan yana aiki. Ko ya samu ya yi barci, barcin ba ya yin nauyi. Da safe ya tashi a gajiye, ya nemi wani shayin don ya farfaɗo, haka abin zai yi ta zagayawa. Wanda ya saba kuma ya bari kwatsam, kamar ranakun farko na azumi, zai ga ciwon kai da kasala da hamma, amma wannan cikin ƴan kwanaki yake wucewa.

Cikar ciki kuwa ba sai mun tsawaita ba. Kowa ya san abin da kwanon shinkafa ko ƙwaryar fura ke yi wa zaman bayan azahar, kuma kowa ya san hadisin raba ciki uku. Yunwa ma tana sa hamma, shi ya sa Bahaushe ke cewa hammar yunwa. Wanda ya fito gida bai karya ba kada ya yi mamaki in ta kama shi da hantsi.

Idan barcin ya cika amma hammar ba ta tafi ba

To a nan sai a duba wasu abubuwa.

Akwai wanda yake kwana awa 8 ko 9 amma ya tashi kamar bai kwanta ba. A tambayi waɗanda suke ɗaki ɗaya da shi. In suka ce yana minshari mai ƙarfi, numfashinsa yakan ɗauke na ɗan lokaci sannan ya dawo da shaƙewa kamar wanda aka maƙure, to wataƙila hanyar iskarsa ce ke toshewa cikin barci. Irin wannan yakan farka sau da yawa a dare bai sani ba, ya wayi gari da bushewar baki da ciwon kai. Ya fi samun manya masu ƙiba, amma yara ma suna yi idan naman maƙogwaronsu ko na bayan hanci ya kumbura. Muna mayar da minshari abin dariya, alhali irin wannan yana da alaƙa da hawan jini da ciwon zuciya, kuma yana da magani.

Akwai ƙarancin jini, wanda a ƙasashenmu ba baƙo ba ne. Zazzaɓin cizon sauro da ke dawowa duk damina, da tsutsar ciki, da tsargiya, da rashin abinci mai gina jini, da amosanin jini, duk suna kawo shi, kuma ƴan matan da suka fara al'ada sun fi shiga haɗarinsa. Alamarsa gajiya ba dalili, haki da an ɗan yi tafiya, jiri, da farin cikin fatar ido da tafin hannu. Mai wannan gajiya kullum cikin hamma yake. Gwajin jini ɗaya a gidan likita ya isa ya nuna. Hanta da nama da wake da ganye irin su zogale suna taimakawa, kuma a daina kora abinci da shayi, don yana rage wa hanji tsotsar sinadarin ƙarfe da ke gina jini.

Akwai magunguna. Da yawa daga cikin na mura da na ƙaiƙayi da ake saye a bakin hanya suna sa barci. Wasu magungunan ciwon damuwa da likita ke rubutawa kuma an san su da kawo hamma mai yawa ko da mutum ba ya jin barci. Wanda yake shan irin wannan kada ya bari da kansa, ya koma wajen wanda ya rubuta masa, shi zai san ko a rage ko a sauya.

Sai abin da ba mu so mu faɗa amma dole a faɗa, wato tiramol da kodin. Wanda jikinsa ya saba da su, idan ƙarfinsu ya fara sauka a jini, daga cikin alamun farko akwai hamma ba ƙaƙƙautawa, da hawaye, da yoyon hanci kamar mai mura, da gumi, da tashin tsikar jiki, da ciwon gaɓoɓi. Wasu samari sun fara sha ne don su jure aikin gona ko tuƙin kabu-kabu, wasu ma wai don su raba dare suna karatu. Tiramol in ya yi yawa yana jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya. Amma a kiyaye fa: hamma kaɗai ba hujja ba ce, kada wani ya karanta wannan ya je yana tuhumar ɗan uwansa, zato zunubi ne ko ya zama gaskiya. Wanda kuma ya san abin ya shafe shi, likita zai nema, don bari a hankali ƙarƙashin kulawa ya fi samuwa a kan bari dare ɗaya.

Masu ciwon kai na ɓari ɗaya da yawansu sukan yi ta hamma awoyi kafin ciwon ya sauko, har wasu sun mayar da ita gargaɗi. Mai jin amai a mota ma da hamma yake farawa. Akwai kuma wata cuta da ba ta da yawa, wadda ke sa barci ya fizge mutum da rana tsaka ko yana magana ko yana cin abinci, wani ma gwiwoyinsa su saki idan ya yi dariya mai ƙarfi. Galibi a shekarun samartaka take farawa, cuta ce ta ƙwaƙwalwa da likitoci suka sani, kuma irinta ce aka fi saurin cewa iska ce.

Wannan ya kawo mu kan maganar da ake yawan yi, cewa wanda yake hamma in ya fara karatun Alƙur'ani ko in ana yi masa ruƙiyya, to alama ce ta kambun baka ko sihiri. Mu ɗalibai ne, ba mu isa mu yanke hukunci a babin da manya suka yi magana ba. Kambun baka gaskiya ne, ya tabbata a hadisi, ruƙiyya ta shari'a kuma halal ce. Abin da muke cewa kawai shi ne hadisan hamma da muka karanta ba su sanya ta alamar waɗannan abubuwa ba. Kuma mutumin da ya yini a tsaye, ya zo ya zauna shiru wuri ɗaya, murya ɗaya tana tafiya a hankali, ai dole bashin barcinsa ya taso, ko Alƙur'ani ake karantawa ko lissafi. Haɗarin shi ne a shekara ana zargin maƙwabciya ko kishiyar uwa, zumunci ya lalace, yarinya kuwa jininta ne ya yi ƙasa. A yi addu'a, a kuma je a auna jinin. Ɗaya bai hana ɗaya ba.

Abin yi

Idan ta zo maka a aji ko a sahu, ka haɗe leɓɓanka, ka ja numfashi mai zurfi ta hanci, sau da yawa nan take komawa. In ta rinjaye ka, hannu a baki, ba murya. In tana ta dawowa, ka nemi izini ka tashi: kurɓi ruwan randa, ka sabunta alwala, ka ɗan taka, ka sauya wuri zuwa kusa da taga. Muna kuma roƙon malamanmu, Allah ya saka musu da alheri, idan suka ga aji ya ɗauka, minti biyu na miƙewa tsaye da buɗe tagogi yakan dawo da hankalin da tsawa ba ta dawo da shi ba.

Wannan duk na nan take ne. Gyaran gaske sai an koma ga dare. Ka gwada mako biyu: lokacin kwanciya ɗaya kullum har ranar hutu, shayi da goro su tsaya daga la'asar, waya ta kwana nesa da shimfiɗa, a rage cin dare, a shiga gidan sauro don cizo ma yana yanka barci. Da rana a yi ƙailula, minti 20 zuwa 30 sun isa. In ta zarce awa guda sai a tashi da nauyin kai, dare kuma ya zo ido ya bushe. Ka samu bayan littafinka ka riƙa rubuta ƙarfe nawa ka kwanta, ƙarfe nawa ka tashi, da lokacin da hammar ta fi damunka. In mako biyu suka cika barci ya daidaita amma ba sauyi, ka ɗauki takardar nan ka kai wa likita, tare da kwalin duk maganin da kake sha, har na gargajiya ka faɗa masa.

Amma akwai halin da ba a jira mako biyu, ba a ma jira gobe. Wanda ke tsaye cikin zafi, a taro ko a doguwar salla, ya fara hamma a jere, gumi mai sanyi ya keto masa, ido ya fara duhu, wannan suma ce ke tafe: a kwantar da shi a inuwa, a ɗaga ƙafafunsa, kada a ɗura masa ruwa sai ya dawo hayyacinsa. Mai ciwon suga da ke shan magani ko allura, in ya kama hamma da rawar jiki da gumi da ruɗewa, musamman yana azumi, mai yiwuwa sugansa ne ya faɗi: in yana iya haɗiya a ba shi abu mai zaƙi nan take, azumin ya rama daga baya. Idan hamma ta zo tare da ciwon ƙirji da ƙuncin numfashi, sai gidan likita. Haka in ta zo wa dattijo ko mai hawan jini tare da karkacewar baki, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, to shanyewar ɓarin jiki ake tsoro, kuma awoyin farko su ne masu tsada. A nemi mota, addu'ar a yi ta a hanya.

Wani lokaci kuma hammar kanta ce ke yin ɓarna: mutum ya wage baki da ƙarfi, muƙamuƙinsa ya goce, bakin ya ƙi rufuwa, yawu na zuba, magana ta gagara. Kada a buga masa haɓa, kada a tsaya ana ja da ƙarfi. A tallafe muƙamuƙin da ɗankwali ko rawani a kai shi wajen likita, galibi da hannu suke mayar da shi cikin ƴan mintoci. Wanda abin ya taɓa samu yana iya sake samunsa, don haka in ya ji hamma tafe sai ya tokare haɓarsa da dunƙulen hannu kada bakin ya buɗe har iyaka.